Bambar da Genzo Ya Yi wa Wanka

Genzo Karasawa ya rasu wata Talata cikin watan Maris, yana da shekara saba'in da biyar. Ya bar 'ya guda, da mota rawaya wadda shi kaɗai yake kiranta motar tsere ba tare da ya yi dariya ba.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana hura wuta a gidan wankan unguwarmu, nan Amagasaki. Duk wanda ya taɓa tsoma ƙafa a kwamin maza ya janye da ihu, to aikin Genzo ne. In aka yi ƙorafi sai ya leƙo ta 'yar tagar ɗakin wuta, gira duk toka, ya ce, "Kai wanka ka zo yi ko shan iska?" Ɗan mai sayar da kifi ne, makaranta bai yi nisa ba, hannuwansa kamar ɓawon itace. Amma da hannun nan yake cuɗa wa tsofaffin da kafaɗarsu ta ƙi ɗaguwa baya, yana zaginsu yana cuɗawa, bai taɓa yarda a gode masa ba.

Motar ya saye ta yana da shekara hamsin, ta hannu. Kujera biyu gare ta, ga ta ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta. Ranar da ya kawo ta, matarsa Harue ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, "Ina ɗaya ƙafar? Ai takalmi biyu ake sayowa." Duk da haka ita ce ta riga kowa shiga, kuma har ta bar duniya ba ta yarda wani ya zauna mata a kujera ba. Tsere kuwa, Genzo bai taɓa yi da kowa ba. Ranar Lahadi yakan hau hanyar dutsen Rokko a hankali, gwiwar hannu a taga, samari a jere a bayansa suna cizon sitiyari. Shiga motar kanta aiki ce: sai ya fara tura ɗuwawu, ya naɗe kai, sannan ya ɗauko ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya da hannu kamar kayan wani.

Yana da saba'in da uku 'yarsa Mihoko ta zo daga Nagoya, inda take aiki, ta tarar da ƙarzuwa a jikin ƙofa. Lokacin kullum a labarai sai an nuna wani tsoho da ya taka totur a madadin birki ya shige shagon mutane. Ba ta yi faɗa ba, halin uwarta gare ta. Ta kunna turare gaban hoton Harue, ta zaunar da ubanta a gabansa.

"Baba, ka faɗa mata da bakinka. Duk wata uku zan zo. Ranar da na sake ganin tabo a motar nan, ka ba ni makulli, ka mayar da lasisi."

"Ke wannan ai kyanwa ce ta yi."

"Kyanwa mai fenti shuɗi? Faɗa mata."

Ya faɗa. Ya sunkuyar da kai ya yi alkawari, hoton yana kallonsa da murmushin nan na wadda ta san shi.

Kwana goma sha biyu bayan nan, falwayar da ke bakin lungun gidan wanka ta cinye masa gefen bambar gaba. Shekara ashirin da uku yana wuce falwayar nan lafiya. Ya fito ya tsaya yana kallon ɓarnar, sannan ya kalli falwayar, ya tambaye ta wa ya matso da ita.

Washegari ya tafi wajen Nemoto mai aski, abokinsa tun suna tsallake katangar firamare tare. Nemoto ne masanin waya a cikin tsofaffin unguwa, don shi kaɗai ya iya ƙara wa rubutu girma.

"Ta asali an daina yi," in ji Nemoto, yana dangwala waya da yatsa ɗaya. "Motarka ta tsufa kamar mai ita. Tsohuwa mai kyau akwai guda, amma in ka ji kuɗin sai na yi maka aski kyauta don tausayi."

"Duba ƙasa, ɗan banza. Kullum masu araha a ƙasa suke, kamar mu."

A ƙasan suka same ta. Wani shago a intanet mai suna Gidan Damisa, ba adireshin kirki, ba hoton mutum, sai bamba tana sheƙi a kan farin bango. An rubuta sak ta asali ce. Kuɗinta bai wuce na taliya kwano goma sha biyar ba. Nemoto ya karanta abin da masu saye suka rubuta. Ɗaya ya ce tana buƙatar ɗan gyara. Ɗaya ya ce ya yi amfani da ita ya kewaye shukar tumatir. Na uku kalma guda ya rubuta: haƙuri.

"Ka ji ko? Mutanen kirki suna saye," in ji Genzo. "Danna."

Bayan mako guda kwali ya iso gidan wanka, don bai yarda a kai gidansa maƙwabta su gani ba. Kwalin bai kai rabin faɗin mota ba. Da ya yanka, sai ga bamba baƙa ta roba an ninke ta biyu kamar katifa, kunnuwanta suna sumbatar juna. A ciki akwai 'yar takarda mai hoto: bamba, rana a sama, da mutum yana murmushi. Ya shanya ta a rana kwana biyu a bayan ɗakin wuta. Ta ɗan buɗe baki, ta tsaya nan.

To shi mutum ne da ya san abu guda a duniya: babu abin da ruwan zafi ba ya lallasawa. Ran Litinin gidan wanka ba ya buɗewa. Da hantsi ya hura wuta, ya cika kwamin maza, ya tuɓe, don ba a shiga da tufafi ko wane ne kai. Kuma da yake ba a tsoma komai cikin kwami sai an wanke shi, sai ya zauna a 'yar kujera ya saɓe bambar da sabulu ciki da waje, ya ɗauraye ta, sannan suka shiga tare. Ya taka tsakiyarta da ƙafa biyu, ya kama kunnuwan yana ja, yana lallashinta.

A haka uwargida Tsurumi, mai gidan wankan, ta same su. Hayaƙi ta gani a bututu ranar hutu ta zo dubawa. Ta haura tamanin, ta ga tsiraicin rabin mazan unguwar tun daga kan kujerar karɓar kuɗi, saboda haka ba Genzo ta kalla ba.

"Gen-san, wace ce wannan?"

"Baƙuwa ce, uwargida. Bayanta ya ƙage."

"Ka wanke ta kafin ta shiga?"

"Har bayan kunne."

Ta kalli tururi. "To a biya wa mutum biyu," ta ce, ta ja ƙofa.

Bambar ta miƙe. Sai dai da aka kai ta jikin mota, cikin hudoji takwas biyu ne suka yarda su haɗu da na motar. Sauran ya huda sababbi da ƙusa mai zafi, ya ɗaure ta ciki da igiyar roba. Fenti na gwangwani ya saya. Motar launin gwaiduwar ƙwai ce, bambar kuma ta fito launin ayaba. Nemoto ya ce daga nesa ba a ganewa, in dai nesan ta kai birnin Kobe. Genzo ya yi ta gogawa da man ƙyalli har kwana huɗu, ranar zuwan Mihoko kuma ya ajiye motar a inuwa, hancinta a jikin bango.

Ta zagaya, ta shafa da yatsa, ta tsuguna ta leƙa. Shi yana tsaye yana karatun sararin sama.

"Kamar ta ƙara haske," ta ce.

"Kulawa ce, 'yar nan. Ke ma da za ki riƙa shafa mai."

Ya tsira. Da yamma ya sayi madara mai sanyi ya raba wa duk wanda ya fito wanka, bai gaya wa kowa dalili ba, ko da yake babu wanda bai sani ba.

Cikin shekara ɗaya da rabi sau huɗu Nemoto ya danna. Wankan Litinin ya zama al'ada, har uwargida ta daina zuwa dubawa. Genzo ya ƙware, ya san zafin da roba take so, ya gano fentin da ya fi kusa da gwaiduwa. Yakan ce shi fa yanzu ba ya tsoron falwaya, ita ce take tsoronsa. Ana dariya. Nemoto ne kaɗai wata rana, yana riƙe da haɓarsa da reza a hannu, ya tambaye shi ƙasa-ƙasa ko lafiya. Genzo ya ce a yi aski a bar bincike.

Abin da bai tanada ba shi ne gawarwakin. Fasassun bamba huɗu, har da ta asali, suna jibge bayan itace a ɗakin wuta. Ya taɓa gwada jefa guntu ɗaya a murhu. Hayaƙin da ya fito ya sa matan layi uku suka sake wanki. Cikin watan Agusta uwargida ta ce masu duba kayan kashe gobara za su zo, ba ta son ganin ko ɓarɓashi.

Sai ya ɗauki zarto. Wuni biyu yana yanka su gunduwa-gunduwa, ya zuba a ledar shara biyar, ya rufe saman kowace da ganyen kabeji da ɓawon kankana. Ran Alhamis, ranar sharar ƙonawa, ya kai su matattara tun da safe, ya ja raga ya rufe saboda hankaki, ya dawo yana fito. Ranar ce kuma Mihoko za ta iso don bikin tunawa da matattu, makon da ake cewa ruhinsu yana dawowa gida.

Shekara saba'in da huɗu a unguwar nan, amma bai taɓa fitar da shara da kansa ba sai bayan Harue, kuma bai taɓa kula cewa ledar ana ganin cikinta ba. Masu kwasa suka ɗaga, suka ji nauyi, suka ga rawaya tana leƙowa ta ƙarƙashin kabeji. Suka manna wa kowace takarda, suka bar su nan. Aikin kula da matattara kuwa zagayawa yake gida-gida, makon nan ya faɗo kan Madam Kuroiwa, wadda ko murfin kwalba ba ya wuce ta.

Ana cin abincin rana aka buga ƙararrawa. Mihoko ce ta buɗe. Madam Kuroiwa tana tsaye da amalanken cefane, ta rusuna.

"Af, Miho-chan, ashe kin zo! Ku yi haƙuri na katse muku ci. Ina jin kayan Karasawa-san ne, don launin nan shi kaɗai ke da shi a unguwa. Sun ce kayan mota ba sa ɗauka. Na cire kabejin, na ɗauraye su, don kada su yi muku wari."

Ta sake rusunawa. Genzo daga ciki, tsinken cin abinci a hannu, shi ma ya rusuna, ya yi mata godiya, don abin da ake yi ke nan.

Mihoko ta shigo da kayan ciki. Ta shimfiɗa jarida a tsakar ɗaki, ta zazzage ledojin, ta fara haɗa gutsattsarin. Shinkafa ta huce. Ubanta ya ce ƙila na wani ne, rawayar mota ai ba ta ƙare ba a ƙasar nan. Ya ce wataƙila ma kayan wasan yara ne. Ba ta ɗago ba. Da ta gama, bamba huɗu ne kwance a jere har bakin ƙofar kicin, kowace da irin rawayarta.

"Huɗu," ta ce.

"Uku da rabi. Waccan ta zo da tsagarta."

"Baba, zo ka gani." Muryarta ta sauka. "Duk ta hagu suka fashe. Ta dama ko ƙwarzane babu."

Genzo ya matso ya duba. Sannan ya ajiye tsinken, ya rufe idonsa na dama da tafin hannu, ya juyo wajenta.

"In na yi haka, ke hayaƙi ce. Ya kai shekara biyu."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Da na faɗa da kin yi abin da za ki yi yanzu." Ya nuna ta ƙarshe da haɓa. "Uku falwaya ce. Wannan ba ita ba ce. Keke ne, a jingine gaban shagon magani, irin mai kujerar yaro a baya. Ba kowa a kai. Na tashe shi, na jira matar ta fito, na ba ta haƙuri. Ta fito riƙe da hannun 'yar yarinya mai jar hula. Tun ranar kullum sai na ga hular nan."

Mihoko ta goge ido da bayan hannu. Ita da ta zo da shirin ƙwace makulli, sai ga ta tana cewa a fara ganin likitan ido, yanzu ana gyara irin wannan, a jinkirta zuwa kaka. Shi ne ya ƙi.

"Na yi wa uwarki ƙarya sau huɗu, kuma makon nan tana gida. Gobe zan kai wa 'yan sanda lasisin. Amma da kaina zan kai."

Ran Juma'a ya sa farar riga, ya goge motar, ya buɗe wa 'yarsa ƙofar kujerar Harue. Tafiyar minti goma ce zuwa ofishin 'yan sanda, ya yi ta a ashirin da biyar, ya bi ta bakin kogi, ya bi ta gaban tsohuwar kasuwar kifi, yana canja giya a inda ba a buƙata don kawai ya ji ta a hannunsa. Ya ajiye motar tsaf tsakanin layi. A ciki ya cika takarda, wani matashin ɗan sanda ya huda lasisin, ya miƙo masa da hannu biyu, ya gode masa da shekarun da ya yi yana tuƙi. Genzo ya ƙame kamar soja. Ya fito da martabarsa, ya zaro makulli, ya nufi mota.

"Kawu!" Ɗan sandan ya biyo shi da gudu. "Yi haƙuri, da me za ku koma?"

"Da abin da muka zo mana."

"Ai daga yanzu ba ka da lasisi."

Genzo ya kalli makullin, ya kalli katin mai huda. Sai ya miƙa wa Mihoko makullin. Ta ɗaga hannu biyu.

"Baba, lasisina na mota mai canja giya da kanta ne kawai. A rubuce yake a jiki."

"Shekara nawa ina ciyar da ke?"

Ɗan sandan ya ce ba su ne na farko ba, watan nan ma su ne na uku, akwai lambar masu janwe a bango. Genzo ya ce motarsa da ƙafarta ta zo, ba za a mayar da ita a goye kamar gawa ba. Aka kira Nemoto, ya ce shi ya mayar da nasa shekara uku da suka wuce, kuma a bas ya je, don shi yana da hankali. Amma ya ce a jira shi.

Bayan rabin awa sai ga shi da tsofaffi biyar, 'yan layin farko na gidan wanka, waɗanda suke zaune a bakin ƙofa tun kafin a buɗe. Kowa da tawul a wuya, ɗaya har da robar sabulunsa. In aka haɗa shekarunsu za a wuce ɗari huɗu. Ɗan sandan ya dube su, ya dubi motar, ya ce in dai inji a kashe yake, su bi ta hanyar baya, shi zai raka su a keke.

Mihoko ta kama sitiyari. Genzo ya tsaya a tsakiya ta baya, ya ɗora tafukansa biyu a kan but, ƙarfen ya yi zafi da ranar Agusta bai ɗaga ba.

"Ku tura, matattu! Wannan turi ne ko shafa?"

"Ka ce motar tsere ce," in ji Nemoto yana haki. "Yau dai ta samu gudun da ta saba."

"Ke Mihoko, sassauta! Gudun ya yi yawa!"

"Baba, wata tsohuwa ta wuce mu da sanda."

Mutane suka fito ƙofar shaguna. Mai sayar da awara ya shiga turi na layi guda, ya fita. Sau uku aka tsaya hutawa, sau ɗaya saboda haƙoran wani sun faɗi. Genzo bai daina magana ba sai wajen gada. Nan ya sunkuyar da kai tsakanin hannuwansa, ruwa yana ɗiga daga haɓarsa a kan fenti. Nemoto ya cire tawul ɗinsa ya yafa masa a kai, ya ce zufar tsoho wari gare ta, a rufe. Haka suka ƙarasa da shi, fuska a lulluɓe, yana turi.

Wata bakwai ya yi bayan nan. An gyara masa idon cikin kaka, ya ce babban abin da ya ƙaru da shi shi ne ya gano Nemoto ya fi yadda yake zato muni. Bai sake neman lasisi ba, bai kuma yi maganar ba. A ƙafa yake zuwa aiki, yana tsayawa gaisuwa da mutanen da shekara ashirin hannu kawai yake ɗaga musu ta taga. Zuciya ce ta tsaya masa, da safe, yana ɗaure takalmi. Mun yi kewarsa fiye da yadda zai yarda a faɗa a gabansa.

Dillalai biyu sun zo taya motar, Mihoko ta ba su shayi ta sallame su. Ta shiga makarantar tuƙi a Nagoya don a cire mata sharaɗin nan daga lasisi. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawa. Malamin ya ce tana sakin kuloci kamar wadda suka yi faɗa da shi. Ran Asabar za ta koma.